Hajo Mai Guɗa da Murar Damina

A unguwar Goron Dutse, in aka ji guɗa ta tashi ta miƙe har mai sauraro ya gaji da jiran ƙarshenta, ba a tambayar wace ce, Hajo ce. Sunanta na yanka Hajara, amma in ba a katin asibiti ba, babu inda ake kiranta da shi. Kakanninta Fulanin daji ne da suka sayar da shanu suka zauna cikin birni. Ita dai abin da ta gada a wurinsu dogon hanci ne da iya kirɓa fura, kuma da furar ta yaye 'ya'yanta biyar. Guɗa kuwa ba sana'a ta ɗauke ta ba, son ta take yi. Suna ne, biki ne, saukar karatu ce, in dai abin farin ciki ne, sai ta kama hanci ta rangaɗa.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne Hajo tana da ciwon asma tun bayan haihuwarta ta biyu. Likita ya ba ta inhela iri biyu. Shuɗiyar ta lokacin da ƙirji ya riƙe ce, ita ba ta rabuwa da jakarta. Mai ruwan ƙasa kuwa ta kullum ce, safe da yamma, ko da lafiya ƙalau take. Wannan ce Hajo ba ta ga amfaninta ba. Takan ce, "Mutum yana zaune lafiya, me zai sa ya yi ta shaƙar magani?"

A daminar bara aka sa bikin Sa'ida, 'yar ƙaninta Jafaru. Ranar Talata Hajo ta je Ƙofar Mazugal karɓo ɗinkin anko, ruwa ya kama ta a hanya ya yi mata jina-jina. Laraba ta tashi da atishawa da ƙaiƙayin maƙogwaro. Ta dafa citta da kanumfari ta sha, ta ce mura ce, gobe ta wuce. Kafin wayewar garin Alhamis tari ya sauka ƙirji, in ta ja numfashi sai a ji ƙara kamar kukan 'yar kyanwa. Ga shi ran Lahadi za a kai amarya.

Maƙwabciyarta Tani ta shigo ta ce a kawo kasko a yi mata hayaƙin magani. Suna cikin shawarar sai ga wayar Bahijja, babbar 'yar Hajo, wadda ke koyarwa a firamare. Hajo ta gaya mata abin da ake shirin yi.

"Umma, kar ki bari a kunna miki komai. Ɗauko katin asibitinki ki juya bayansa. Akwai lambar ma'aikatan jinya, ki kira su yanzu."

"Ni in kira wadda ban taɓa gani ba in ce mata ina mura? Ai sai ta yi mini dariya."

"Aikinsu ke nan, Umma. Don Allah."

Da hantsi Hajo ta sa tabarau, ta danna lambar ɗaya bayan ɗaya. Wata murya mai sanyi ta yi sallama, ta ce sunanta Sista Muhsina. Hajo ta gaishe ta da aiki, da gida, da yara, da ruwan da aka sha, har da mai gidan da ba ta san ko akwai shi ba. Sista ta bari ta gama tsaf.

"Mama, na gode. Amma a cikin gaisuwar nan sau uku kika tsaya kika ja numfashi. Tun yaushe ƙirjin ya fara?"

Hajo ta dubi Tani, ta rufe bakin wayar da hannu. "Wannan ta san aikinta."

Sista ta yi ta jero tambayoyi. Akwai zazzaɓi? Tana iya zuwa tsakar gida ta dawo ba ta zauna ba? Sau nawa ta shaƙi shuɗiyar tun safe? Da aka zo kan mai ruwan ƙasa sai Hajo ta ce tana nan dai a ajiye. Sai da Tani ta zazzage kwalla biyu aka same ta a ƙarƙashin zannuwa. Da aka karanta kwanan watan da ke jikinta, Allah Ya taimaka da sauran wata huɗu.

"To Mama, ki koma mata yau, safe da yamma, ki kurkure baki bayan kin shaƙa. Mura ce ke tayar da asma, ita kuma wannan ita ke kwantar da ita tun daga tushe. Ki sha ruwan ɗumi, ki huta. Hayaƙi kowane iri ne, ki nisance shi, har da turaren wuta."

"Turaren wuta? Sista, biki fa gare mu ran Lahadi. Kin taɓa ganin gidan biki babu turare?"

Sista ta yi dariya ta ce ba ta taɓa gani ba, amma kasko yana da hannu, ana iya ɗauke shi. Sannan ta gyara murya. Ta ce in magana ta gagare ta, ko leɓenta ya sauya launi, ko ta shaƙi shuɗiyar ba ta ji sauƙi ba, kar ta tsaya neman waya, a wuce da ita asibiti kai tsaye. In kuma ta ga tana komawa ga shuɗiyar kafin awa huɗu ta cika, ta sake kira.

Ran Juma'a da safe haka ta faru, awa uku ba ta cika ba sai ƙirjin ya sake ɗaurewa. Wannan karon Hajo ba ta jira kowa ya roƙe ta ba. Sista ta saurara ta ce, "Mama, wannan ya wuce na waya. Ki taho yau."

Bahijja ta nemi izini a makaranta, ta taro a-daidaita-sahu. A asibiti aka ɗora wa Hajo abin rufe hanci mai fitar da tururin magani, likita ya rubuta mata ƙwayoyi na kwana biyar. Da numfashi ya dawo, abin da ta fara nema shi ne a nuna mata Sista Muhsina. Ita a ranta wata ƙatuwar dattijuwa take zato. Sai ga wata siririya, ba ta ma kai Bahijja shekaru ba.

"Ke ce kika tsare ni da tambayoyi haka?"

"Ni ce, Mama."

"Kai, Allah Ya yi miki albarka. Bahijja, gobe ki aiko mata da fura."

Ran Lahadi Hajo ta sha ankonta, ta zauna a tsakar gidan Jafaru wajen da iska ke kaɗawa. Da kanta ta kira matan gidan ta ce a mai da kasko ƙuryar ɗaki a saki labule. Da aka fito da Sa'ida a lulluɓe, ta miƙe ta kama hanci ta yi guɗa ɗaya, gajera, ta koma ta zauna. Sai ta zunguri Tani. "Karɓi."

Tani ta zaro ido, don ba ta taɓa yi a bainar jama'a ba. Ta farko ta fito a shaƙe kamar ta ɗan zakara mai koyon cara, mata suka bushe da dariya, har amarya sai da kafaɗunta suka motsa a cikin mayafi. Ta biyu ta ɗan daidaita. Kafin motoci su tashi Tani ta saki jiki, ba mai iya tsayar da ita.

Mako guda bayan haka tarin ya tafi, Hajo ta koma kan turminta. Inhela mai ruwan ƙasa yanzu kusa da buroshin haƙorinta take. Lambar kuma Bahijja ta adana mata a waya, Hajo kuwa ta riga ta raba wa mata uku a lungunsu. Bukukuwan unguwa su biyu ake gayyata yanzu, ita da Tani. Hajo ta ce ɗalibar tata ba laifi, sai dai har yanzu tana saurin sakin hanci.