Lalle a Yatsa Ɗaya

Ranar da Umma ta dawo daga zaɓe, abin da na fara gani shi ne babban yatsanta na hagu. An ja mata tawada a gindin farce, ta ɗan zarce kan fata. Tana da tsohon ciki a lokacin, ta yini a layi cikin rana, ƙafafunta suka kumbura har silifas ya yi musu shaida. Ta ce ta zaɓi wanda ya yi alkawarin gyara ɗan asibitin garinmu, don ta gaji da hawa achaɓa zuwa Kiru duk ranar awo. Ƙuri'arta ta farko ke nan. Ko tuwo take tuƙawa, sai in ga ta ɗaga yatsan tana kallo.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a ƙauyenmu, kusa da Ɗansoshiya. Malaminmu ya koya mana cewa idan an ƙirga ƙuri'a, magana ta ƙare. An ƙirga a gaban kowa, mutumin Umma ya cinye akwatinmu, mata suka yi guɗa. Na ɗauka ta ƙare ɗin.

Washegari masu dawowa daga Ƙafin Maiyaki suka zo da labari iri-iri. Wasu suka ce an ƙona sakamako a inda ake tattarawa, wasu suka ce gudu aka yi da shi. A abu ɗaya bakinsu ya haɗu: samari da gorori da adduna sun tare hanya, suna duba hannun mutanen ƙauyenmu, tunda an san wanda muka zaɓa. Duk mai tawada sai ya sha duka.

Ga ranar awo ta matso. Umma ta goge yatsan da toka, da lemon tsami, da kananzir, tawada ta ƙi fita. Goggo, yayar Baba, ita ta kawo shawarar lalle. Ta kwaɓa a murfin kwano, ta ce ba lokacin ƙunshin hannu duka ba ne, a rufe wurin kawai. Matan gidanmu da na maƙwabta suka zauna a tsakar gida, kowa da yatsa ɗaya ɗaure a leda. Goggo tana tsokanar Umma wai amaryar siyasa, ango ya gudu ya bar ta da ƙunshi. Da na ga an rage ɗan lalle a murfin, sai na miƙa nawa yatsan. So nake in yi kama da su. Goggo ta shafa min tana dariya.

Ni na raka Umma awon. Mun wuce gonakin albasa kaɗan sai ɗan achaɓa ya rage gudu, an gitta kututture a hanya. Wani saurayi mai gora ya matso, silifas ɗinsa ɗaya kore ɗaya baƙi.

"Hajiya, a gafarce mu, mu ga hannu."

Umma ta miƙa. Ya duba, ya kira abokansa yana dariya, ya ce tun safe haka matan ƙauyen nan suke wucewa.

"Wace mace ce ke ƙunshi a yatsa ɗaya, Hajiya? Ko lallen ma ya yi tsada?"

Na ga ya kalli cikinta, ya sauke gorar. Na ga kuma shi ma akwai tawada a farcensa, irin ta Umma sak. Ina ta kallon tawadar tasa, ban lura idonsa ya sauka kan hannuna da ke riƙe da hijabin Umma ba.

"Ke, shekarunki nawa?"

Umma ta ce lalle ne zalla, a kankare a gani, yarinyar ko kusa da rumfar zaɓe ba ta je ba. Ya ce ai ita ma da an ƙyale ta cewa za ta yi nata lalle ne zalla. Ya sa na ɗaga yatsan kusa da fuskata, ya ɗauke ni hoto da waya, yana gaya wa abokansa ga shaida, yara aka sa suka dangwala. Sannan ya janye kututturen da kansa, har ya yi wa Umma addu'ar Allah ya sauke ta lafiya. Umma ta amsa da amin. Wannan amin ɗin ya daɗe yana damuna.

Bayan kwanaki aka ce an soke akwatinmu. Wasu suka ce saboda hargitsi ne, alhali a rumfarmu ko faɗa ba a yi ba. Wasu suka ce saboda yara sun jefa ƙuri'a. Wata 'yar ajinmu ta raɗa min cewa yayanta ya ga hotona a waya. Na so in tambayi malam yaushe magana take ƙarewa, amma duk sanda ya dubo wajena sai in cusa hannu cikin hijabi.

Ranar da aka sake zaɓen, Umma tana jego, ba ta fita ba. Goggo ma ta ce ƙafarta na ciwo. Da yamma ina riƙe da jaririn, na tambayi Umma ko yatsana ne ya ɓata mata ƙuri'a. Ta dubi farcenta. Ya yi girma, tawadar da lallen sun hauro tare, ƙasansu fari.

"Wallahi ban sani ba," ta ce. "Miƙo min reza in rage shi, kada ya yagi yaron."