Hular Fitilun Motar Asibiti

Kaka ce, shekarar da dawa ta yi kyau har rumbuna suka yi wa mutane kaɗan, kowa ka gani fuskarsa a sake. Cikin shekarun tamanin ne, ina aikin ungozoma a ƙaramin asibitinmu na wajen Doguwa. Akwai wani maraice na wannan kakar da har yau bai fita raina ba. Ku da kuka tarar da motoci a jere a bakin ƙofa, bari in ba ku labarin tamu ta fari.

Ni ba nas ba ce. Ajin yaƙi da jahilci na yi, daga nan aka tura mu kos, aka ba kowacce akwatin ƙarfe mai almakashi da zare da sabulu. Ƙa'idar aikin ita ce in an kira haihuwa ni zan je. In abu ya fi ƙarfina sai in sanar da malamin asibiti, wanda shi ne babbanmu, a wuce da mace Tudun Wada. Kafin wannan shekarar a bayan keke ake ɗaukata.

Sai aka ba mu wata tsohuwar jif da masu gadin dajin gwamnati suka gama da ita. A kan rufinta akwai manyan fitilu biyu na shiga daji, irin waɗanda in sun haska zomo sai ya tsaya cak. Ba a jima ba ƙwayayen fitilun gaba suka ƙone, direbanmu Ɗanjuma ya koma kunna na saman, a kwalta da cikin gari. Masu keke suka riƙa faɗawa kwata. Baba mai shayi na bakin tasha ya kan kare ido da faifai ya ce, "Ɗanjuma, mu fa ba zomaye ba ne."

"Taimakonka nake yi, Baba, ka huta da sayen kananzir."

Na yi wa Ɗanjuma magana a hankali. Na ce, "Ɗan nan, wannan wutar ta daji ce, ba ta cikin mutane ba." Ya ce, "Iya Rabi, na faɗa wa Malam. Kafin a kawo ƙwai da me zan ga hanya?" Gaskiyarsa ce, sai dai kuma na lura yana jin daɗin yadda ake darewa in ya taho.

Ran nan bayan magariba wani manomi ya kawo saƙo daga rugar Buba, cewa matarsa Dije tana naƙuda tun hantsi, kuma cikin fari ne. Na ɗauki akwatina muka shiga mota. Tun daga kan kwalta haskenmu yake dukan kawunan itatuwa, wanda ke nesa ma zai gani.

Da muka isa, babu kowa a rugar. Ga tukunya a kan wuta, ga ƙwaryar nono a buɗe, ga igiyar maruƙa a yashe, amma ko saniya ɗaya babu. Na leƙa bukkar Dije, tabarma kawai na samu, a jiƙe. Na gane ruwa ya riga ya fashe.

Ɗanjuma ya ce, "Bari in juya motar in haska gonar dawan nan."

A nan abin ya faɗo mini. Mutanen nan keke suke jira. Ba su san an ba mu mota ba, fitilun nan kuwa sun san su sarai, na masu kama shanun da suka shiga dajin gwamnati ne.

Na ce, "Kashe, ɗan nan. Har injin."

Duhu ya rufe mu. Na kunna fitilar ƙwai, na tsaya bakin gona na yi sallama. Na ce, "Ni ce Rabi mai akwati, wadda ta yanke cibiyar jikanki bara, Goggo Hajjo." Hajjo ita ce uwar Buba. Can sai na ji nishi, sannan muryar tsohuwar daga cikin dawa.

"Masu dajin sun tafi?"

"Babu mai daji, Goggo. Ni ce."

"To ke wa ya ara miki idon masu kama shanu?"

Ashe da maza suka kora garke, ita kuma ta ce baƙin maza ba za su ga surukarta a wannan hali ba, ta ja ta cikin gona. Na tarar da Dije durƙushe tsakanin karare, kai ya riga ya sauko, babu halin ɗaga ta. Na shimfiɗa mayafina, Goggo ta riƙe fitila. Yarinya ta fito da cibiya a wuya, ba kuka. Na zare cibiyar, na share mata baki, na yi ta murza bayanta ina salati, har ta tsala ihu. Ihun nan ne ya fara dawo da maza.

Buba ya zo yana haki, sanda a kafaɗa. Ɗanjuma ya ce, "Kai kuwa in ba ka da laifi me ya kore ka?" Buba ya sosa ƙeya ya ce, "Jiya shanun sun ɗan lashi gefen dajin." Aka yi dariya, har Dije da ke kwance. Goggo ta cika wa Ɗanjuma ƙwarya da nono, ta ce ya sha, amma in ya sake zuwa da idon nan ita da kanta za ta tsone shi.

Abin da na ɗauka a ranar shi ne, mu masu zuwa gidajen mutane, kayan da muka zo da su ake fara gani kafin a gane fuskarmu. In kayan suka ba da tsoro, sai mai neman taimako ya ɓuya mana. A hanyar komawa a hankali muka taho, in Ɗanjuma ya hango mai keke sai ya tsaya ya kashe wuta har ya wuce.

Washegari na je na gaida malamin asibiti, na zauna a bencinsa ina ba shi labari, ban tashi ba sai da ya tura Ɗanjuma Kano sayen ƙwayayen fitila. Daga nan na koma gida, na yanka wani tsohon zanena mai kauri, na ɗinka huluna biyu masu zariya. Da motar ta dawo na sa aka kawo mini turmi, na taka, na ɗaura wa kowace fitila tata.