Sunan Mijin Gwaggo

Mu uku al'amarin ya shafa: ni, da gwaggota ƙanwar mahaifina, da malamin da ya duba kundin digirina na biyu. Na huɗu shi ne mijin gwaggo, wanda 'yan bindiga suka kashe a gonarsa ana cikin yankan shinkafa.

Karatuna a kan haƙƙin ɗan Adam ne, da yadda al'umma ke neman adalci bayan an zubar da jini. Shekara guda na yi a ɗakina na unguwar Badariya ina karanta yadda wasu ƙasashe suka kafa kwamitocin jin ba'asi, inda mata suka tsaya gaban jama'a suka ambaci mazajensu da aka kashe, aka rubuta. Da lokacin bincike ya yi, na shiga mota zuwa Argungu, inda gwaggo ke zaune a ɗakin aro tun da suka baro ƙauyensu.

Na iske ta tana tsince tsakuwa daga shinkafar masu gida.

"Kai har yau karatun nan bai ƙare ba?" in ji ta. "Tsararka sun aje ɗiya bibbiyu."

Na gaya mata abin da ya kawo ni, na kunna waya ina ɗaukar muryarta. Ta yi magana tun bayan azahar har la'asar sakaliya, ba ta yi kuka ba. A ƙarshe ta faɗi sunan mijinta, da na ubansa, da na kakansa, ta sa na maimaita.

"Ka rubuta shi daidai, ɗana. Waɗanda sunka halbe shi ma sai da sunka kira sunanai. Kak ka bari gwamnati ta ce ba ta san shi ba."

Na ce to, alhali na san ƙa'idar bincike ta hana a bayyana sunan kowa. Na saka shi a babi na huɗu duk da haka.

Malam ya ja masa jan biro. "Cire shi, har da sunan ƙauyen."

"Malam, ita ta roƙa."

"Waɗanda suka yi aikin nan suna raye, ita ma tana raye. Idan suka bi sunan suka iske ta, kai za ka tsaya a ƙofarta, ko ni?"

Gaskiya ya faɗa. Na cire. Aka karɓi kundin, aka ajiye shi a laburare. Babu kwamitin da ya zauna, ban kuma ji ana shirin kafa wani ba.

Da na koma gaishe ta, ta tambaye ni ko na kai wa gwamnati sunan. Na ce na kai. Ta yi hamdala, ta sa mini albarka, ni kuwa na kasa ɗaga kai. Abin da ya rage na maganarta layi ɗaya ne a jerin asarar da ke ƙarshen kundin:

Mai ba da bayani ta bakwai, mace. Miji ɗaya. Shanun huɗa biyu. Rumbu uku. Gida ɗaya.