Na Hau Tankin Garinmu Don In Kira Yayata

Ana sallame sallar asuba na rataya jakata na fito daga gida a unguwar Lamisula, cikin Maiduguri. Uwar yarana ta rako ni har bakin ƙofa, ba abin da take faɗa sai "Allah ya tsare", tana ta maimaitawa. Ku da kuke bibiyata a nan kun saba jin labarin tumaki daga bakina, don ni dillalin dabbobi ne. To, wannan karon ba rago na je saye ba. Garinmu na nufa, can bakin iyakar Kamaru, wanda rabona da shi tun ranar da mutanen daji suka tarwatsa mu.

Bari in faɗa muku abin da ya ɗaga ni. A ranar da aka shiga garin ne aka kashe mijin yayata. Ni na yo Maiduguri, ita ta tsallaka Kamaru da 'ya'yanta mata biyu, tun suna ƙanana, ga su yanzu sun zama 'yan mata a sansanin gudun hijira. Kwanakin baya sai majalisa ta kira wani minista ya yi bayani a kan mutanenmu da ke zaune a ƙasar maƙwabta. Ina zaune a rumfa na saurara a rediyo. Ya ce an gama magana da gwamnatin can, za a fara kwaso mutane, kuma garuruwansu sun shirya: akwai makaranta, akwai asibiti, akwai ruwa. Har sunan garinmu ya kama, ya ce an gina masa sabon tanki. Da aka ba wakilinmu dama na matso da rediyon kusa da kunnena, ina jiran tambaya. Sai bawan Allahn nan ya yi ta godiya har ya zauna. Wani daga wata jiha ya so ya tambaya ko an je an duba, aka ce lokaci ya ƙure. Aka tafa, aka tashi.

Ba a daɗe ba aka fara rubuta sunayen masu komawa a sansanin. Ƙa'idar ita ce, duk wanda ya sa hannu zai miƙa katin abincinsa, tantinsa ma wani za a ba. Ba a fasawa. Yaya ta kira ni a waya. Gaji take ce mini, don ni ne auta. Ta ce, "Gaji, ka je ka gano mini da idonka. In akwai ruwa a cikin gari, zan sa hannu. In babu, ba zan kai 'yan matan nan inda za su riƙa fita daji da jarka ba." Na ce ta jira ni. Sana'ata ta koya mini ba a sayen rago daga nesa, sai an dafa gadon bayansa.

Keke ya sauke ni a tasha. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani, na buɗe baki zan yi ciniki irin namu na kara, direban ya kalle ni ya ce ransa ma yana cikin kuɗin. Na biya. Muka cika ƙaramar mota maƙil, a gefena wata tsohuwa ce rungume da kaza a cikin kwali. Daga tasha muka gangara bakin gari inda motoci ke taruwa su jira rakiyar sojoji. Ba a barin kowa ya kama hanyar Bama shi kaɗai. Layin ya yi tsawo, manyan motocin hatsi da na siminti a gaba, mu ƙanana a tsakiya. Na sayi ƙosai da kunun gyaɗa mai zafi, amma rabi kawai na sha, saboda direba ya gargaɗe mu cewa in an tashi ba a tsayawa fitsari, ko da na liman ne.

Sai da rana ta ɗaga sosai aka buɗe hanya. Har Konduga ana ɗan hira, ana zagin tsadar man fetur. Muna wucewa kowa ya yi tsit. An sare itatuwan gefen titi don kada wani ya laɓe, daji ya zama fili fetal, ba saniya, ba manomi, ba ko mai keke. Jefi-jefi sai ka ga ƙwarangwal ɗin mota da ta ƙone, ciyawa ta fito ta cikin tagoginta. Na lura direbanmu ba ya kauce wa ramuka yadda direbobi suka saba. Sawun tayar motar gabansa yake bi daidai, in ta faɗa rami shi ma ya faɗa. Na tambaye shi a hankali, ya ce inda taya ta riga ta taka bam bai tashi ba, nan ne kaɗai ya yarda da shi. Daga nan ban sake kallon daji ba, ƙasa na koma kallo.

A nan ne tayarmu ta baya ta fashe. Ƙarar da ta yi, wallahi na ɗauka shi ke nan. Wata mata ta fara kalmar shahada da ƙarfi, kazar tsohuwa ta ɓalle kwali ta hau kan wani malami da ke gaba. Direba bai sauka gefe ba, a tsakiyar titi ya tsaya, motoci suna ratsa mu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ko rage gudu. Ban ga laifinsu ba. Jak ɗinsa ya ƙi tashi, sai mu maza muka kama motar muka ɗaga da hannu, shi kuma yana kwance ƙusoshi. Motar sojojin da ke rufe ayari ta iso ta tsaya, wani soja yana daka mana tsawa, bakin bindigarsa yana kallon daji. Ni da nake ɗaga ƙaton rago ba nishi, ranar sai da na yi nishi. Da muka koma ciki tsohuwa ta ƙirga mu, ta duba kazarta, ta ce saura kaɗan ta yi asara. Aka yi dariya, irin wadda ke fita da hawaye.

Mun shiga Bama da la'asar, bayan mun sauka mun taka da ƙafa a shingen bincike, hannuwa a sama. Nan aka ce mana hanyar gaba a rufe take, an tono wani abu a kanta, sai an gama share ta. Yaushe? Ba wanda ya sani. Muka kwana a tasha, muka sake kwana. Na ci burabusko da miyar kuka a wajen wata mata mai fara'a, da banda ɗan mitsitsi a tsakiya, wanda ta ce in riƙa kallonsa ina haɗiyar tuwo. Abincin ya yi daɗi, amma hankalina ba ya wajen. Wayata ba sabis, Yaya tana can tana jiran magana daga gare ni, ni kuma ina zaune ina korar ƙuda.

Da aka buɗe hanya muka ƙarasa, gudu ɗaya, ba wanda ya yi tari. Ban gane garinmu ba. An haƙa rami mai zurfi an zagaye shi, ƙofa ɗaya ce ta shiga da fita. Unguwarmu ta zama kango, sai bishiyar dalbejiyar ƙofar gidanmu ce ta nuna mini inda aka haife ni. Na tsaya a gindinta na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma ba kuka aka aiko ni ba, sai na share fuska na fara zagaye.

Gaskiya ɗaya ce, makaranta tana nan. An yi mata sabon rufi, na ji yara suna karatu da ƙarfi, raina ya yi sanyi. Asibiti ma an yi masa fenti, sai dai a kulle na same shi, aka ce ma'aikacin yana zuwa ne ranar da ayari ya zo da shi, in ya zo. Sannan na hango tankin. Dogo ne, sabo fil, a kan ƙafafun ƙarfe, ana ganinsa daga ko'ina. Kuma ga mutane a gindinsa sun yi layi. Zuciyata ta yi fari, na ce alhamdulillahi, minista bai faɗi ƙarya ba. Na ƙara sauri.

Da na matso sai na ga ba mai jarka ko ɗaya a layin. Waya ce a hannun kowa. Wani dattijo da ya san mahaifinmu ya gane ni, muka gaisa da yarenmu, wushe wushe, ya tambayi mutanen Maiduguri. Na ce, "Baba, layin me ake yi?" Ya ce, "Layin magana. A can sama kawai ake kama sabis ɗin Kamaru." Na ce ruwa fa? Ya nuna mini bakin famfunan da ke jere a ƙasa, gizo-gizo ya yi saƙa a cikinsu. An haƙa rijiyar, an kafa tanki, injin da zai turo ruwan ne ba a kawo ba. Wani lokaci sojoji suna taimaka musu da tankar ruwa. Sauran ranaku mata ne ke fita bayan rami, zuwa tafki, 'yan sa-kai suna raka su. Ya ƙara da cewa ba duk waɗanda suka fita ne suka dawo ba.

Na shiga layi. Mutum ɗaya ake bari ya hau, kuma ba a daɗewa, don wanda ke sama ana hango shi daga cikin daji kamar yadda shi ma yake hangowa. Dattijon ya ara mini wayarsa mai layin Kamaru. Tsanin ƙarfe ne siriri, ya ɗau zafin rana, ni kuma ba ƙaramin mutum ba ne, na ƙasa suna ta ce mini in bi a hankali kada in kayar musu da kamfanin waya. Da na kai sama na ga tafkin can nesa, da 'yan ɗige-ɗigen mata a bakinsa, bayansu kuma daji har iyakar gani. Kafin in kira, sai hannuna ya yi abin da ya saba, na ƙwanƙwasa cikin tankin. Ya amsa kamar ganga.

Yaya ta ɗauka da sauri. Na ce, "Yaya, ina garinmu. Kada ki sa hannu. Ba ruwa." Ta yi shiru. Na ɗauka sabis ne ya yanke, na ɗora wayar a jikin tankin na sake bugawa da ƙarfi don ta ji da kunnenta. Da na mayar da wayar kunnena sai na ji tana cewa, "Gaji, na riga na miƙa katin." Ta ce ta yi ta kirana ba ta samu. Maƙwabtanta duk sun sa hannu, kullum ana saka musu jawabin ministan a lasifika, ana cewa motocin farko sun kusa cika. Ta ce, "Na ga a gaban majalisa ya faɗa. Na ce ai a can ba a faɗin abin da babu." Na ƙasa suna ta kirana in sauko, lokacina ya ƙare.

Dawowa ba abin da ya same mu, ko taya ba ta yi ƙara ba, amma ban ga hanyar ba. Da na iso Maiduguri ban wuce gida ba, sai da na biya ofishin wakilinmu. A rufe yake, mai gadi ya ce oga yana Abuja. Na tsaya ina kallon hotonsa a jikin bango yana murmushi, raina yana tafasa.

Ni ban ce minista ya zauna ya shirya ƙarya ba. Wataƙila hoton tankin aka nuna masa, kuma a hoto ba abin da ya fi shi kyau. Fushina yana kan waɗanda muka tura su yi tambaya. Da mutum ɗaya a cikinsu ya dage ya ce, ranka ya daɗe, wa ya je ya buɗe famfon, da yau katin Yaya yana hannunta. Abin da na koyo a wannan tafiya shi ne, maganar da aka faɗa a zauren can ba a nan take tsayawa ba. Ta riga labarina isa sansanin, ba ta jira rakiyar soja ba, ba ta kwana a Bama ba. Su sun tafa sun tafi cin abinci, Yaya kuma ta ɗauki maganar da gaske.

Jiya Yaya ta sake kira. Mun yanke shawara zan tare su a bakin iyaka ranar da za a kawo su, in taho da 'yan matan nan Lamisula. Uwar yarana har ta kwashe kayan ɗakin ajiya ta shimfiɗa tabarma. Na roƙi Yaya ita ma ta biyo mu, ta ƙi. Ta ce ɗakuna biyu ba za su ɗauke mu duka ba, kuma ta gaji da zama a gidan da ba nata ba, kangon mijinta za ta gyara. Abu ɗaya ta ce in kawo mata, jarkoki biyu, kada su zama manya, waɗanda mace mai shekarunta za ta iya gudu da su.

Da safen nan na shiga kasuwa na zaɓo mata. Mai shagon yana ta yabon kayansa, ni kuma hannuna ya sake yin halinsa, na ƙwanƙwasa ɗaya. Irin amsar da tankin ya ba ni ita ma ta ba ni. Na biya kuɗin, na fito da sauri, don ban so mai shagon ya ga idona ba.