Malam Hamidu da Kifayen da Bai Taɓa Gani Ba

Ayarin maniyyata daga Sakkwato ne ya iske ni da labarin a nan Sawakin, bakin Bahar Maliya, inda na daɗe ina ɗinkin buhu ina jiran jirgin da zai ƙetare da ni. Wani mutumin Shagari ya ce Malam Hamidu na Bodinga ya rasu da kaka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malamina ne, daga baya na zama mai taya shi karantarwa, kuma ba zan ɓoye ba, ya gajiyar da ni. Kowace Laraba bayan karatu sai ya zaunar da ƙananan yara, ya ce kowa ya tsara baiti biyu da ajami a kan halittun teku. Shi kansa bai taɓa ganin ruwan da ya wuce fadamar Danchadi ba. Yaran kuwa 'ya'yan makiyaya ne da manoman albasa, sai su rubuta wai kifin Annabi Yunusa yana da tozo, uwarsa tana lasarsa. Na ce wannan ɓarnar tawada ce. Gida uku suka janye 'ya'yansu, bai fasa ba. In baiti ya karye, yaro zai wanke allo sau biyar, amma tozon nan bai taɓa sa a goge ba.

"Ummaru," yakan ce mini, "yaron da yay yi ma kifi uwa ba shi zaluntar mai rai."

Ranar da zan taso abu guda ya roƙe ni: in na iso bakin teku, in rubuto wa yaran abin da idona ya gani. Na ce to, ban rubuta ba. Da fari taurin kai ne, daga baya kunya, domin na ga wata ƙatuwar dabbar ruwa da ɗanta manne a gefenta, masunta suka ce nono yake sha.

Mutumin Shagarin ya ce har a jinya Malam yana sa a tambayi masu dawowa ko an ba su takarda. Ya ce ɗan marigayin, Malam Sani, wanda ya gaji makarantar, yana shirin soke darasin Larabar. Na cika warƙar takarda uku da abin da na gani, zan ba ayarin da ke komawa gida. Malam Sani, don Allah ka karanta wa yaran kafin ka yanke shawara. Laifin jinkirin nawa ne, ba na mahaifinka ba.

Allah Ya ji ƙan Malam, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Ni da ban samu na nemi gafararsa ba, ku sa ni cikin addu'a.