Kiran da Auta Ba Ta Yi Ba

Malam Maimaita ake ce masa, tun daga filin jirgin sama har layin gidansu, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Shekara ashirin da takwas ya yi a ɗakin gilashin da ke saman hasumiya, na'ura a kunne, yana ba jirage izinin tashi da sauka. Dokar aikin ita ce duk abin da ka faɗa wa matuƙi a rediyo sai ya maimaita maka, ka tabbatar abin da ka ce shi ya ji. To, Malam bai iya barin doka a wurin aiki ba, a aljihu yake komawa gida da ita. In ya aiki yaro kanti, sai yaron ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sabulu ɗaya, ashana biyu," kafin a sallame shi. Matarsa ta sha cewa, "Ni dai da na san rediyo zan aura, da na zaɓi mai kiɗa."

'Ya'yansa huɗu ne, kuma duk ya koya musu kiran nan biyu na matuƙa. Akwai "mede", sau uku ake faɗa, ma'anarsa rai na cikin haɗari. Da an ji shi kowa a layin rediyo zai yi tsit, duk jirgin da ke hanya ya kauce. Akwai kuma "fan-fan", shi ma sau uku: akwai matsala, a gaggauta, amma ba a kai ga halaka ba. A gidan Malam ciwon ciki da yankan wuƙa duk fan-fan ne. Mede kuwa ya ce kada ya kuskura ya ji shi sai in da gaske ne.

Auta tana shekara bakwai ta shiga wanka ta tarar da ƙadangare a cikin bokiti. Ta ƙwala ihu, "Mede! Mede! Mede!" Malam ya zabura daga barcin rana, ya fito ba takalmi, ya yi karo da ƙofa har farcen babban yatsansa ya tsage. Da ya ga abin da ake wa ihun bai doke ta ba. Gara ma da dukan ya yi. Tsayar da ita ya yi a tsakar gida, yayyenta na kallo.

"Wanda ya kira mede a kan ƙadangare, ranar da wuta ta kama shi ba mai zuwa. Maimaita."

Ta maimaita tana shessheƙa. Ya sa ta sake, har sau uku. Uwar ta ce, "Haba Malam, yarinya ce fa." Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ya kuwa tanƙwaru. Auta ta tashi ba ta raki, ba ta ƙara wa magana gishiri. Ranar da ta faɗo daga bishiya a makaranta hannunta ya karye, da ƙafarta ta dawo gida tana riƙe da shi, gumi na zuba, ta ce, "Baba, fan-fan ne." Wannan labarin babu wanda bai ji shi ba a hasumiya. Malam yakan ba da shi yana murza gemu, don a ganinsa babu shaidar tarbiyya da ta wuce wannan.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Auta ta zama matuƙiya, tana tuƙa wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da ke kai magunguna asibitocin nesa. A rediyo ba su san juna ba: ita Bakwai-biyu ce, lambar ƙarshe ta jikin jirginta, shi kuma Hasumiya. Sai an zauna cin abinci take ramawa. "Hasumiya, Bakwai-biyu na neman izinin ƙarin nama." Shi kuma ya tsuke fuska ya ce, "Ba a ba da izini ba, ki kewayo," yana tura mata nasa.

Wata Talata ce, bayan azahar, sama tas babu ko gajimare. Malam yana kan kujerarsa, abokin aikinsa Dogo a gefe. Titin saukar guda ɗaya ne, kuma saboda iska ranar ta gabas ake shigowa. Wani babban jirgin fasinja ya riga ya miƙo ta can. Sai ga muryar Auta daga yamma, a natse. Da Turanci ake maganar, amma ga abin da aka ce.

"Fan-fan, fan-fan, fan-fan. Hasumiya, Bakwai-biyu. Inji yana tari, man inji yana raguwa. Ina neman sauka da wuri."

Malam ya amsa kiran. Ya yi tambayoyin da doka ta ce a yi, har da mutum nawa ne a ciki. Ta ce mutum ɗaya.

Hanya biyu ce a gabansa. In mede ne, babban jirgin zai kora sama ya je ya yi shawagi, ita ta shigo kai tsaye ta yamma. In fan-fan ne, babban da ya riga ya matso ya ƙarasa, ita ta kewayo ta gefe ta bi bayansa. Bambancin minti huɗu ne.

Dogo ya ce, "Malam, a ɗaga babban nan mana, a ba ta kai tsaye."

Doka ta ba shi ikon yin hakan ko matuƙi bai kira mede ba. Amma ya tuna cewa gobe za a ce don 'yarsa ce ya wahalar da fasinja ɗari da wani abu. Ya kuma tuna cewa Auta ba ta taɓa faɗar abin da ba shi ba ne. Sai ya danna maɓallin rediyo ya tambaye ta.

"Bakwai-biyu, kina so ki kira mede?"

Layin ya yi shiru kaɗan.

"A'a, Hasumiya. Fan-fan ne."

Ya ba ta umarnin ta kewayo ta bi bayan babban jirgi. Ta maimaita masa kalma bayan kalma, babu tuntuɓe.

A kan kwanar ƙarshe injin ya mutu, tana ƙasa-ƙasa. "Hasumiya, Bakwai-biyu, inji ya tsaya." Har a lokacin ba ta furta kalmar ba. Shi ne ya furta a madadinta, da wata murya da Dogo bai taɓa ji a bakinsa ba, ya danna ƙararrawar masu kashe gobara. Ta gilashin yana kallo jirgin ya yi ta saukowa a hankali, ya kasa kai wa shingen filin, ya faɗa wani kwari da ke bayansa.

Masu bincike sun zo da faifan maganar suka kunna a gabansa. Sun ce ko harafi ɗaya bai kauce wa ƙa'ida ba, suka rubuta hakan suka sa hannu. Wannan wankewar ce ta fi komai yi masa ciwo. Sun kuma gano cewa tun kafin ta yi kiran farko man injin ya gama tsiyayewa, har ya shafe mata gilashin gaba. Ta san halin da take ciki ke nan.

Malam ya roƙi a mayar masa da faifan wurin da ya yi tambayar. Ba amsar yake nema ba, shirun da ke gabanta yake son ji. Daƙiƙa uku ne, an auna masa. Shi kaɗai a ɗakin ya san abin da take yi a cikinsu. Tana dubawa ne ko ƙadangare ne.

Matarsa ba ta taɓa ɗora masa laifi ba. Takan ce, "Malam, kwananta ne ya ƙare." Yakan ce haka ne, kuma ya yarda haka ne. Amma bai sake hawa hasumiyar ba. Ya ajiye aiki saura shekara biyu lokacin ritayarsa ya yi, ya koma zaman kujerar roba a ƙofar ɗakinsa. In jirgi ya wuce sai ya sunkuyar da kai. Yanzu ko an sayo masa gishiri a maimakon sukari, karɓa yake ya yi godiya.

Kwanakin baya babban ɗansa ya kawo iyalinsa yini. Ana cikin hira sai jikar Malam, 'yar shekara biyar, ta tsandara ihu a bayan gida. Tsohon da sai an kama shi yake miƙewa, shi ya riga kowa isa, ba takalmi, yana haki. Kyankyaso ne a kan silifas ɗinta.

Uban ya iso a fusace. "Ke! A kan wannan kika tayar wa mutane da hankali? Ba na hana ki..."

Malam ya ɗaga masa hannu. Ya durƙusa da ƙyar, ya jawo yarinyar jikinsa, hawaye na bin gemunsa.

"Ƙyale ta ta yi ihunta," ya ce. "Ko kiyashi ta gani, ta kira. Mu ne za mu zo mu duba."