Fuskar Mama a Jan Ƙarfe

Wata Asabar da kaka, ina aji huɗu na firamare, Baba ya ɗaga bargon injinsa na buga hoto ya ɓare takarda daga jikin farantin jan ƙarfe, sai ga Mama tana dubana. Lokacin ba ta yi wata biyu da rasuwa ba. Ga ɗaurin ɗankwalinta da kullum yake karkacewa, ga faifan da take tsince wake a kai, ga wannan kallon nata na wadda ta gaji da zama. Na miƙa hannu, Baba ya ce, “Wannan na Kaka ne, Ladi. Naki yana zuwa.”

Muna haya ne a Sabon Garin Wudil. Baba mutumin Billiri ne kamar Mama, ma'aikaci a ɗakin zane na jami'a, amma sana'ar da ke ransa tana cikin shagon ƙofar gidanmu. Yakan ƙarci hoto a jikin jan ƙarfe da tsinken ƙarfe mai kaifi, ya cusa baƙar tawada cikin ƙarcin, ya goge saman da guntun tsohon gidan sauro, ya ƙarasa da tafin hannunsa. Sannan ya ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, ya rufa bargo, ya murza injin har jijiyar wuyansa ta tashi. Ni ke jiƙa takardun a baho kafin in tafi carafke, kuma ko tuwo Baba ya gutsuro mini sai na ji warin kananzir ɗin da yake wanke tawada da shi. Iya Hajara mai gidanmu, wadda take sayar da ƙuli-ƙuli, takan leƙo ta ce, “Malam, kowa na wanke takarda ta lalace, kai taka sai ta sha ruwa take magana.”

Mama ba ta son kamara. A hoton bikinsu ma kanta a sunkuye yake. Sau ɗaya Baba ya shawo kanta ta zauna masa, shi ma sai da ta ce da wakenta za ta zauna. Don haka fuskarta ba ta ko'ina sai a farantin nan. Abin da na sani, don na sha ji a bakin Baba, shi ne irin wannan ƙarcin ba ya jure matsi. Duk bugu ɗaya injin yana danne bakin layukan, na gaba ya fi na baya dusashewa.

To, sai dangi suka ji labari. Bayan Kaka, mahaifiyar Mama, sai Kawu Bulus na Kaltungo, sai ƙanwar Mama da ke aure a Gombe, sai wata ƙawarta ta zumuntar matan coci, sai wasu da ban taɓa jin sunansu ba. Kowace Asabar Baba ya buga, ni kuma in tsaya ina kallon uwata tana raguwa. Gashin gira ne ya fara tafiya, sai zanen ɗankwalin. Na ji haushinsa ƙwarai. Na daina jiƙa takarda, na daina zama kusa da shi a coci. Wai ni da na sha nononta ce zan tsaya a bayan layi! Na kai ƙara wurin Iya Hajara, ta ba ni ƙuli ta ce in yi haƙuri, ubana ba ya aikin banza.

Da nawa ya fito, idanun sun zama kamar tabon ruwa a bango. Na fashe da kuka, na ce ya ɗauki tsinkensa ya sake ƙarta su, ai aikinsa ne. Ya ɗauka kuwa, ya daɗe riƙe da shi a kan farantin, sannan ya ajiye. Ya ce, “Idan na ƙara, wadda nake tunawa zan zana, ba wadda ta zauna ba.” Ya naɗe farantin a zanenta, bai sake sa shi a inji ba.

Hutun Kirsimetin shekarar ya sa ni a mota zuwa Billiri. Ina shiga ɗakin Kaka na ga Mama a bango, baƙa wuluk, har da gashin girar. Na zauna a ƙasa ina kallonta har miya ta huce. Kaka ta shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin hoton. Daga nan kowane hutu akwai gidan mai hoton da zan je, kuma babu inda aka taɓa tambayata 'yar wace ce.

Yanzu wayata cike take da hotunan 'ya'yana, in tura wa wanda na ga dama, ba abin da ke raguwa, kuma ba wanda ya taɓa zuwa gidana don ya gan su. Baba ya yi ritaya, injin ya yi tsatsa a shagon. Nawa hoton yana nan a falo, baƙi sukan zaci gajimare ne. Har yau, idan ina son ganin idanun uwata, sai na shiga mota na je wurin danginta.